Yadda muka ɗora wa The Mummy na 1932 muryar Hausa

Aikin ɗora murya a fim ba baƙona ba ne, sai dai duk waɗanda na saba yi masu kala ne, masu gudu da faɗa da surutu, irin waɗanda in ka yi shiru kaɗan mai kallo zai ɗauka sautin wayarsa ne ya ɗauke. Wannan karon malamin da ke koya wa matasa ɗaukar hoto da tace fim a unguwarmu ne ya nemi in fassara masa The Mummy, tsohon fim ɗin ban tsoro da kamfanin Universal ya fitar a watan Disamba na 1932. Ya ce mini, "Malam, yaran nan sun iya danna kyamara, amma ba su san haske da inuwa ba. So nake su ga fim marar kala, wanda kwamfuta ba ta taɓa shi ba, su kuma ji shi da harshensu, don kada karanta rubutun ƙasa ya ɗauke musu ido daga hoton." Muka yi magana tun a nan cewa a aji kawai za a kalla. Ba sayarwa, ba kai wa masu tura finafinai a waya, ba ɗorawa a intanet, domin fim ɗin yana da masu shi har yanzu. A dokar Amurka irinsa sai ya cika shekara 95 kafin ya zama na kowa.

Wani abokin malamin ne ya aiko da faifan asali daga waje. Fim ɗin gajere ne, minti 73. Na fara kallonsa ba biro ba takarda, don na san idan ka fara da rubutu, magana kaɗai za ka ji, ba za ka ga fim ba.

Labarin ya fara a 1921. Wasu Turawan Ingila masu haƙa kayan tarihi a Masar sun tono busasshiyar gawar wani babban malamin bautar gumaka mai suna Imhotep, tare da wani akwati da aka rubuta wa tsinuwa ga duk wanda ya buɗe. Dattijon cikinsu, Dakta Muller, ya duba gawar ya ga ba a cire kayan cikinta ba kamar yadda aka saba, ga alamar mutumin ya yi ta mutsu-mutsu a cikin naɗinsa, wato da ransa aka binne shi. Manyan suka fita waje suna shawara, ƙaraminsu ya kasa haƙuri ya buɗe akwatin, ya karanta kundin Thoth, ɗaya daga abubuwan bautar Masar ta da, da ke ciki, gawa ta tashi. Bayan shekara goma da wani abu sai ga wani dogon Bamisire da jar dara a kansa, fatarsa a yamushe, yana kiran kansa Ardath Bey, ya zo ya nuna wa Frank, ɗan shugaban masu haƙar, inda kabarin wata gimbiya yake. Imhotep ne. Gimbiyar ita ce wadda ya so shekara 3,700 da suka wuce, ya sato kundin don ya tashe ta bayan ta mutu, aka kama shi. Yanzu ya gano ranta yana jikin wata budurwa a Alƙahira, Helen Grosvenor, uwarta Bamisiriya, ubanta Baturen da ke mulki a Sudan.

Mataki na biyu shi ne rubuce duk maganar da ke cikin fim ɗin, kowace da lokacin da ta fara da wanda ta ƙare. A nan na fara lura da abin da ya zame mana matsala daga baya, ya kuma zama abin da na fi so a fim ɗin. Takardata cike take da gurabe. Sai a yi minti guda, wani wuri fiye, ba wanda ya ce uffan, ba kuma kiɗa.

Kafin in fara fassara na tsaya na karanta tarihin mutanen da suka yi shi, domin ba na iya ba mutum murya ban san daga inda ya fito ba. Daraktan, Karl Freund, mai ɗaukar hoto ne da ya yi suna a Jamus tun zamanin finafinai marasa magana. Yana cikin waɗanda suka ɗauki Metropolis na 1927, shi ne kuma ya riƙe kyamarar Dracula na 1931 bayan ya koma Amurka. Wannan ne fim ɗin farko da aka ba shi ya jagoranta a can. Da na san haka sai guraben takardata suka daina ba ni mamaki, mutum ne da ya saba ba da labari da hoto tun kafin a iya haɗa hoto da sauti. Wanda ya rubuta maganganun kuwa, John Balderston, ɗan jarida ne da ya aika rahoto kan buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun. Howard Carter, Baturen Ingila mai haƙa kayan tarihi, ya gano kabarin nan a Nuwamban 1922, a Afrilun 1923 kuma Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin aikin, ya mutu a Alƙahira bayan cizon sauro ya rikiɗe ya ɓata masa jini. Jaridun Turai da Amurka suka cika duniya da zancen tsinuwar Fir'auna, alhali shi Carter da ya fi kowa daɗewa a cikin kabarin ya rayu har 1939. Kasuwar wannan tsoron fim ɗin ya zo ci. Sunayen ma aro ne. Imhotep na gaskiya babban ma'aikacin sarki Djoser ne, wanda ake danganta masa gina dala mai hawa-hawa ta Saƙƙara fiye da shekara 4,600 da suka wuce, sunan gimbiyar kuma na matar Tutankhamun ne, Ankhesenamun. Tsakaninsu akwai fiye da shekara dubu. Na rubuta wannan a gefe don in faɗa wa ɗalibai, kada su tafi da shi a matsayin tarihi.

Fassarar kanta ba ta ba ni wuya ba sai wajen tsawo. Ardath Bey yana magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, leɓensa da ƙyar yake motsi. Idan na ba shi doguwar jimla sai a ji murya tana ta zuba bayan bakinsa ya rufe. Na riƙa karanta kowane layi a fili ina kallon fuskarsa, ina ragewa har sai numfashina ya ƙare tare da nasa. Turawan kuwa na ba su Hausar ofis, mai tsabta, marar karin magana, don a ji bambanci tsakaninsu da shi.

Muryar Ardath Bey ita ce ta tsayar da aikin. Duk samarin da muke aiki da su sun saba da muryar bos, a kumbura maƙogwaro, a yi gurnani, a ƙyalƙyale da dariyar mugunta. Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a Imhotep, bai yi ko ɗaya ba a fim ɗin nan. Bai ɗaga murya ba, bai yi gudu ba, da wuya ma ka ga ya ɗaga hannu da sauri. Yana tafiya ne a sandare kamar mai gudun kada jikinsa ya marmashe, idan aka miƙo masa hannu sai ya ja da baya cikin ladabi ya ce ba ya son a taɓa shi. Na je wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana karanta labarai a rediyo kafin ya ajiye aiki. Na durƙusa na gaishe shi, na kunna masa fitowar farko ta Ardath Bey a kwamfuta. Ya kalla ya gama, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai ba mahaukaci ba ne, mai baƙin ciki ne da ya daɗe yana jira." Na ce, "Shi ya sa na zo wajenka, Kawu." Ya ce zai yi, amma da sharaɗin zai karanta takardar gaba ɗaya tukuna, duk abin da bai kwanta masa ba zai faɗa.

Da dare muke ɗauka, bayan an yi sallar isha'i unguwa ta lafa, masu janareta na kusa sun rage. Ɗakin ƙarami ne, an liƙa soso a bango, sai an kashe fanka kafin a kunna makirfo, don haka ana yin layi kaɗan a buɗe ƙofa a sha iska. Kawu ya zauna a kujera ya ƙi tsayuwa, ya ce murya mai nauyi daga zaune take fita. Ya matso da bakinsa dab da makirfo yana magana ƙasa-ƙasa, yadda ake jin shigar numfashinsa. Mai situdiyo ya so ya goge numfashin, na roƙe shi ya bari.

Sai muka zo kan haɗa sauti, inda aka fi daɗewa. Finafinan yanzu sau da yawa magana daban take, kiɗa da ƙarar abubuwa daban, sai ka cire ɗaya ka bar ɗaya. Na 1932 komai a dunƙule yake a layi guda, ga wani siririn shuu na tsufa da ke bin fim ɗin daga farko har ƙarshe. Idan ka rage muryar Baturen don ta Kawu ta hau, shuu ɗin ma sai ya ɗauke, in Kawu ya gama ya dawo, kunne ya riƙa jin ana buɗewa ana rufewa. Dabarar da mai situdiyo ya kawo ita ce ya yanko shuu ɗin daga wani wuri da ba kowa ke magana ba, ya jera shi ya shimfiɗa a ƙarƙashin duk muryoyinmu. Da ya gama sai muryar Hausa ta zauna a cikin fim ɗin, ta daina yawo a samansa. A wannan na sara masa.

Inda muka saɓa da shi kuwa shi ne fitowar tashin gawa. Ya ce, "Yallaɓai, wurin nan ya yi tsit da yawa. Bari in sa ɗan kiɗan tsoro, kai kuma ka riƙa bayani, ka ce ga shi nan fa zai tashi, in ba haka ba yara za su yi barci." Ba laifinsa ba ne, haka kasuwa ta koya mana duka. Na ce mu sake kallonta tare, fitila a kashe, kada kowa ya yi magana.

Saurayin yana zaune a tebur, fitila a gabansa, ya juya wa akwatin gawar baya. Yana kwafar rubutun kundin, leɓensa na motsi, muryarsa ba ta wuce raɗa ba. Kyamara ta bar shi ta koma kan fuskar gawar, fuska ce kamar busasshiyar ƙasar fadama da ta tsattsage. Ba abin da ya motsa. Kana cikin tunanin ko hoto ne tsayayye sai fatar ido ta ɗaga kaɗan, ɗan haske ya bayyana a ƙwayar. Kyamara ta sauko kan ƙirji, inda hannuwa biyu ke harɗe, ɗaya ya fara zamewa a hankali, ruɓaɓɓen ƙyalle yana rabuwa, sannan ɗayan. Aka koma kan saurayin, bai san komai ba. Sai hannu kawai ya shigo ta gefen hoto, da zobe a yatsa, ya sauka kan kundin. Saurayin ya ɗago, ya ƙwalla ƙara ɗaya, ya ja da baya, sai dariya ta ɓarke masa, dariyar da ba ta tsayawa. Ba a nuna mana gawar tana tafiya ba. Abin da muka gani shi ne jelar ƙyalle tana jan ƙasa tana fita ta ƙofa.

Da aka kunna fitila mai situdiyo ya ce, "A bar shi haka." Dariyar ma ba mu ɗora mata tamu ba, ta Bramwell Fletcher muka bari, ɗan wasan da ya fito a saurayin, domin ba wanda zai maimaita ta. Layi ɗaya kawai muka fassara a wurin, inda yake gaya wa shugabansu cikin dariya cewa mutumin ya ɗan fita yawo ne.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne wahalar da aka sha don waɗannan 'yan mintuna. Jack Pierce, mai kwalliyar da ya yi wa Karloff fuskar dodon Frankenstein a 1931, ya shafe wajen awa 8 yana wannan aikin: auduga da gam a fuska, yumɓu a gashi, sannan a nannaɗe jiki da ƙyallen lilin da aka tsufar da shi da gangan. Duk da haka Freund bai nuna gawar tana takawa ko sau ɗaya ba. Wani daraktan da ya biya wannan kuɗi da lokaci sai ya tabbatar ka ga kowane zare. Hoton da yawancin mutane ke da shi a ka, na gawa mai jan ƙafa da miƙaƙƙen hannu tana shaƙe mutane, daga finafinan da suka biyo baya ya fito, tun daga The Mummy's Hand na 1940, da wanda Christopher Lee ya yi a Ingila a 1959. A na 1932 babu shi.

Matsala ta ƙarshe a ɗauka ta zo ne daga baiwar Allah da ta yi mana muryar Helen, wadda ta saba wasan kwaikwayo na rediyo. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, domin murya biyu take ɗauke da su, ta 'yar birni mai zuwa rawa a otal da ta gimbiyar da ke farkawa a cikinta. Fitowar da Ardath Bey ya durƙusa a gidan tarihi cikin dare yana kiran sunan gimbiya, ita kuma Helen ta bar taro ta fita kamar wadda aka yi wa kiranye, ta yi ta yadda tsigar jikina ta tashi. Amma da muka kai ƙarshe, inda Helen ta tsere daga wuƙar Imhotep ta faɗi gaban gunkin Isis tana neman ceto, sai ta ajiye takarda ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, bakina ba zai roƙi gunki ba ko da a wasa ne." Ban ja da ita ba. Kawu ma ya riga ya ja layi a ƙarƙashin wurin tun da ya karanta. Muka bar addu'ar da muryar Zita Johann, 'yar wasan asali, ni kuma na faɗi jimla ɗaya a matsayin mai ba da labari, cewa ta juya ga abin bautar mutanenta na da tana roƙo. Ban canza labarin ba, ban kuma sa wa Helen kalmar da ba ta faɗa ba. Na san masu fassara da kan musuluntar da duk wanda ya buɗe baki a fim, ni ban ga amfanin haka ba. Mutanen Masar na wancan zamani abin da suka yi imani da shi ke nan, ɗalibi kuma ya isa ya ga abu ya san ba nasa ba ne. A farkon faifan na yi gajeren bayani a kan haka, da kan yadda ake adana gawa a can: kwana 70 ake yi, a cire kayan ciki a zuba a tuluna, a bar zuciya, a busar da jiki da wani gishiri ɗan'uwan kanwarmu, sannan a naɗe.

Ranar kallo malamin ya aro majigi, aka toshe tagogi da barguna. Kawu ya zo, aka ba shi kujera a gaba. Da kiɗan farko ya tashi wasu suka yi ƙus-ƙus, suna ganin baƙi da fari. Tashin gawa ya kashe surutun, ba wanda ya taɓa waya har aka wuce wurin. A tsakiya kuwa hankali ya ɗan watse, kuma ban ga laifinsu ba, nan ne fim ɗin ya fi rauni. Maza uku a falo suna ta maimaita abin da mun riga mun sani. Wanda ya kalli Dracula na 1931 zai ga kusan gida ɗaya ne aka sake wa fenti: Edward Van Sloan shi ne dattijo masanin asiri a duka biyun, David Manners shi ne saurayin da ba ya tsinana komai a duka biyun, har kiɗan buɗewa ɗaya ne, daga Swan Lake na Tchaikovsky. Soyayyar Frank da Helen ma ba ta da tushe. Ya gan ta yau, yau ɗin ya ce yana sonta, dalilinsa kuma wai ta yi kama da gimbiyar da ya kwance wa naɗi. Da Helen ta tambaye shi ko sai ya tona kabari yake samun wadda zai so, ajin ya fashe da dariya, wata ta ce, "Gaya masa dai!"

Bayan an gama malamin ya mayar da hoto kan fuskar Karloff, wadda fim ɗin ke dawowa kanta lokaci-lokaci, ta cika allo, ko'ina duhu sai idanu. Ya sa su faɗi inda aka ajiye fitila. Suka yi ta gardama har wani ya gano cewa ɗan ƙaramin haske ne aka saita kan idanun kaɗai aka bar goshi da kumatu a inuwa. Abin da ya tara su dominsa ke nan, amma zancen bai tsaya nan ba.

Wani saurayi ya ce shi na 1999 ya fi masa, wanda Brendan Fraser ya fito, akwai ƙwari masu cin mutum, akwai guguwar rairayi mai fuska, wannan kuwa ko jini bai gani ba. Na ce masa na 1999 fim ne mai daɗin kallo, amma na kasada ne da ban dariya, ka gama ka tafi ka kwanta. A nan ko karen Helen da ya mutu ba a nuna maka ba, kukansa ka ji, sauran kai ka ƙarasa shi a ranka, kuma abin da ka ƙarasa da kanka shi ke bin ka gida. Bai yarda duka ba, ya ce dai wurin hannun nan ya taɓa shi.

Wata ɗaliba ta ce ita tausayin Imhotep ta riƙa ji, musamman da aka nuna a kwarmin ruwansa na tsafi, inda yake nuna wa Helen abin da ya wuce, yadda aka naɗe shi da rai, idanunsa a buɗe har ƙyalle ya rufe su, aka kashe bayin da suka binne shi, aka kuma kashe sojojin da suka kashe bayin don kada a san wurin. Ta ce tausayin ya ƙare ne lokacin da ya ɗauko wuƙa. "Malam, ta ce masa tana so ta rayu, bai ji ba. Ashe ba ita yake so ba, abin da ya rasa yake so." Ta ƙara da cewa mazan da suka zo ceto suna isowa ya tsayar da su da zobensa, ba su yi komai ba, yarinyar ce ta nema wa kanta mafita. Ni ma a nan na tsaya. Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da 'yan'uwansa shi ne mugun cikinsa yana da dalilin da za ka fahimta, kuma fim ɗin bai ce dalilin ya wanke shi ba.

Akwai wanda ya tambayi baƙin bawan nan da ake kira Banube kawai, ba suna, wanda Ardath Bey ya kalla sau ɗaya ya durƙusa ya zama nasa, wai don jininsa na bayi ne tun da can. Wannan wurin ya ɓata mini rai tun ina rubutu, na kuma fassara shi yadda yake don a gani. Na gaya musu ɗan wasan sunansa Noble Johnson, baƙar fatar Amurka ne da ya kafa kamfanin fim na baƙaƙe, Lincoln, tun 1916, ga shi an ba shi rawar da kusan ba ya magana. Na gaya musu kuma sarakunan Kush daga ƙasar Nubiya, irin su Piye da Taharƙa, sun mulki Masar kanta ƙarni bakwai zuwa takwas kafin haihuwar Annabi Isa. Fim ɗin bai san wannan ba, ko bai damu ya sani ba. Masar ɗinsa ma a Kalifoniya aka gina ta.

Kawu bai ce komai ba sai da malamin ya ce, "Baba, ba mu ji ta bakinka ba." Ya gyara zama ya ce shi layin da ya fi tsaya masa a cikin duk abin da ya karanta shi ne inda Ardath Bey ke cewa su 'yan Masar ba a ba su izinin tono matattunsu ba, sai gidajen tarihin ƙasashen waje. Ya ce, "'Ya'yana, kun lura duk fim ɗin nan tsoron mamaci ake, ba wanda ya ji kunyarsa? An fasa masa kabari, an kwance wa 'yar mutane likkafani ana ƙirga kayanta, an sa ta a gilashi, sannan aka ce shi ne ya shigo musu." Ya kawo hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Wani ɗalibi ya ce, "To Baba, ai Alƙur'ani ya ce an tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya," yana nufin aya ta 92 a Suratu Yunus. Kawu ya ce haka ne, amma kallon wa'azi daban, kallon nishaɗi daban, kuma ba kowace gawa da ke Masar ce ta Fir'aunan Annabi Musa ba, akwai mata da yara da talakawa.

Na ƙara musu da cewa su kansu Misirawa sun daɗe suna wannan muhawara. A shekarar da aka gano kabarin Tutankhamun, 1922, Ingila ta ba Masar 'yancin da bai cika ba, kuma rigimar wa ke da iko da kabarin ta kai har Carter ya dakatar da aiki a 1924. Kayan dai a Masar suka zauna. Fim ɗin ya taɓo wannan, inda Frank ke ƙorafin an hana su kai kayan gimbiya Landan. A zamanin Anwar Sadat an taɓa rufe ɗakin da ake nuna gawarwakin sarakuna. A Afrilun 2021 kuma aka kwashe 22 daga cikinsu, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabo a Fustat, da faretin girmamawa irin na shugabanni.

Malamin ya tambaya ko akwai fim ɗin da Misirawa suka yi da kansu a kan wannan. Akwai, Al-Mumiya na Shadi Abdel Salam, 1969, a kan wata zuriya da ta daɗe tana sayar da kayan wani ɓoyayyen kabarin sarakuna a Deir el-Bahari kafin asirin ya tonu a 1881, da saurayin cikinsu da ya gano da me ake ciyar da shi. Ba gawa mai tashi a cikinsa, kuma da Larabcin littafi aka yi shi. Ɗaliban suka ce shi suke so a gaba, don su kwatanta. Kawu ya ce Larabcin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, amma yana da aboki da ya yi karatu a Azhar, zai kai ni mu gaishe shi ranar Juma'a. Malamin kuma ya ɗauki nauyin nemo kwafin da aka gyara a 2009, domin waɗanda ke yawo sun dushe, ba za su nuna wa yara hasken da yake so su gani ba.